Na Je Ɗauko Jikana, Aka Sa Ni a Jirgi da Kare

Tun da na dawo ban sha kokona da zafi ba. Wannan ta shigo, "Mma Hawa, yaya Ingila?" Waccan ta leƙo ta taga, "An ce a kan ruwa kika kwana?" Kowacce bakinta na tambayar Ingila, idonta yana kan bayana. Na san abin da kuke dubawa. Na gaji da maimaici, shi ya sa na zaunar da Malama Ladi da bironta. Zan faɗa sau ɗaya, daga tashi har dawowa, wadda ba ta karatu irina a karanta mata.

Ba kallon gari na je ba. Jikana na je ɗaukowa, kuma duk unguwarmu Asawase an sani, don da bakina na faɗa. Isufu, autana, shekararsa bakwai a can yana aikin asibiti. Ya auri wata nas, obroni, wato baturiya, sunanta Jeni, suka haifi namiji aka sa masa sunan marigayi maigidana. To ɗan fari na kaka ne. In ya isa yaye kaka ta zo ta goya abinta ta tafi, uwa da uba su kau da kai kamar ba su gani ba. Haka na tashi na tarar. Da yaron ya doshi wata ashirin na sa aka rubuta wa Isufu cewa ina nan zuwa ɗaukar mijina. Amsa ta zo da tikitin jirgin sama da layi ɗaya: "Mma, sai kin zo." Ni kuwa na sa aka shafe ɗaki da farar ƙasa, na sayi sabon zanen goyo da majanyi.

Fitar ma sai da ta zama aiki. Kun san abin da ake ciki tun bara, da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Ni a Kumasi aka binne cibiyata, shekara talatin ina dama koko a bakin titi ɗaya, amma da yake ubana daga Nijar ya gangaro da jakunansa, ni ma baƙuwa ce. Sawu tara na yi zuwa ofis kafin akawu ya buga mini hatimin zama na shekara ɗaya. Sannan takardar tafiya, ita ma ta ci watanni, mai hotona a ciki na zare ido kamar wadda aka kama da kazar mutane.

A tashar Race Course na hau lorin Akra. Aka haɗa ni benci ɗaya da wata Maame, haka muke kiran matan 'yan ƙasa, mai kwandon dodon-koɗi, wai 'yarta za ta kai wa. Ta yi barci tun kafin Konongo, dabbobinta ba su yi ba. Kafin mu kai Nkawkaw na cire uku daga zanena, ɗaya daga cikin takalmina. Da ta farka ƙirga su ta fara yi tana harara ta.

Jirgin sama ba abin faɗi. A ɗaure ka a kujera kamar ragon da za a kai kasuwa, a kawo maka nama a faranti, ba mai iya ce maka ga wanda ya yanka. Goro na ci har muka sauka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jirgin da na daɗe ina roƙon Allah in hau zuwa Makka ga shi na hau, amma wani wuri ya nufa.

A bakin shiga ƙasarsu wani dogo mai baƙar hula ya sa na buɗe adakata. Ya ɗaga buta ya leƙa cikinta. Ya ɗauki kanwa ya jujjuya, ya kira ɗan'uwansa suka jujjuya tare. Garin gero ya soka masa yatsa. Kilishin da na saya wa Isufu ya ajiye gefe, na gane ba zan ƙara ganinsa ba. Sai ya kwance ƙullin daddawa. Ya ja da baya taku biyu, ya rufe adakar da kansa, ya nuna mini ƙofa. Da na sani da ita na sa a sama, da kilishin ya tsira.

Isufu ya tarye ni, ya rame, ya shaƙe wuya da tsumma irin na akawu. Jeni ta rungume ni a tsaye, ba durƙuso, gashinta a bakina. Yaron kuma yana cikin wani keke mai ƙafa huɗu, an toshe masa baki da roba. Kamarsa ɗaya da mai sunan, har kunnen. Na ce, "Maigida, haka ake tarbar mata, a kwance?" Na tambayi Isufu yaushe za a yi yayen. Ya ce ai an cire shi a nono tun yana wata uku, kwalba yake sha. Wata uku. Akuya ma tana wuce haka. Sannan a gabana ya ɗaga ɗan farinsa sama, ya kira sunansa ɓaro-ɓaro, sunan ubansa fa, ya sumbace shi a goshi. Ni na ji kunyar a madadinsa.

Kwana shida muka yi a gidansu, a wani gari kusa da Bamingam, gidaje a manne kamar haƙora amma maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Duk sanda na ɗauko maganar sai Isufu ya ce, "Mma, ki huta tukuna." Ran na bakwai ya ce surukinsa, uban Jeni, yana da jirgin ruwa, za mu yi hutun mako ɗaya a ciki, a can za mu samu sararin magana. Don maganar na yarda, ba don jirgin ba.

Na taɓa zuwa Takoradi bakin teku, na san abin da ake kira jirgin ruwa. Abin da aka kai ni gabansa gota ce. Rami ne kakanninsu suka haƙa da hannu, suka cika shi da ruwa kalar kunun da ya kwana, faɗinsa bai fi titin ƙofar gidanmu ba. A da doki ke jan jiragen gawayi a ciki, shi ya sa akwai 'yar hanya a gefe tun daga farko har ƙarshe. Yanzu ba gawayi ba doki, sai tsofaffin da suka rasa aikin yi. Jirgin kuwa tsawonsa ya kai lori biyu da rabi, amma in na kwanta a gicciye kaina na wannan bango ƙafata na neman wancan. An zane jikinsa da furanni kamar kwanon amarya.

Uban Jeni, Baba Tom, tsohon hedimasta ne, matarsa ta rasu. Gajeren wando ne a jikinsa, gwiwoyi a waje. Kafin ya gaishe ni sai ya sunkuya ya ɗago ƙafar karensa ta gaba ya miƙo mini. Na mayar da hannuna cikin mayafi. Karen gajere ne, tumbi na shafar ƙasa, kunnuwa na share hanya, wari kamar tsumman da aka manta a bokiti. Sunansa Manjo. A wajenmu masu wannan suna in sun tashi da safe gwamnati suke kifarwa, nasu sai barci da tusa.

Na ce da Isufu, "Wannan rakiya ya yi mana?"

"Da shi za mu."

"Ba su da maƙwabci?"

"Akwai. Baba ya ce ba zai iya barinsa kwana bakwai a hannun wani ba, zai yi kewa ya ƙi cin abinci."

Nan ya kamata in gane. Mutanen da ba su iya ba da ajiyar kare ta mako ɗaya, ni na ƙetare teku in karɓi ɗa a hannunsu. Amma na riga na shafe ɗaki, ban so ganewa ba.

Na ce, "To ina muka nufa?"

"Zagaye za mu yi, mu dawo nan."

"Wa za mu gaisar?"

"Ba kowa."

"Me za mu saro?"

"Mma, hutu ne."

Makwancina wani katako ne a jikin bango, irin wanda mai kanti ke jera gwangwanin madara a kai. Kwandon Manjo yana daf da kaina, wai nan ne kusa da murhu. Na ce ko ni ko shi. Aka ɗauke shi, na ɗauka waje za a kai shi, ashe ƙarin girma ya samu, gadon Baba Tom aka mai da shi, cikin bargo. Ban-ɗaki kuwa bokiti ne da shuɗin magani a ciki. In ya cika hedimasta da kansa yake ɗauka, yana tafe yana waƙa. Aikin da a Kumasi mai yinsa ke ɓoye fuska, shi ne hutun mai ilimi a Ingila.

Abinci dafaffen dankali ne ba gishiri ba barkono, da waken gwangwani mai zaƙi kamar alewa, da ɗanyen ganye. Shayi kuwa sau bakwai a wuni. In an yi murna shayi, in jirgi ya daki bango shayi. Ran da suka so karrama ni suka sayo kifi da soyayyen dankali a naɗe cikin jarida. Shi kaɗai na ci na ƙoshi, shi ma sai da na barbaɗa yajina. Manjo yana da kwanonsa da sunansa a jiki, naman gwangwani yake ci, kuma shi ake fara zuba wa. Duk da haka ran farko ina juya baya ya sa baki a nawa kwanon. Na wanke sau bakwai, har da ƙasar bakin gota. Baba Tom ya tsaya yana kallon ruwan tankinsa na tafiya, ya ce a gaya mini bakin kare ya fi na mutum tsabta. Na ce a gaya masa na ga inda karen ya sa bakin da safe.

Salla a ciki ba ta yiwuwa. Jirgin juyawa yake da gota, ka yi kabbara kana kallon gabas, kafin ruku'u kana kallon shanun wani. Sai an ɗaure shi nake fita kan ciyawa, in sa a riƙe karen. Da yamma mazan sukan tafi wani gidan giya a bakin ruwa, Manjo a gaba, don shi ma an san shi a can. Isufu ya ce lemo kawai yake sha. Kullum in ya dawo nakan ce ya matso ya duba mini wani abu a ido. Lemon ne, na ba shi wannan.

Babban aikin hutun shi ne ƙofofi. Inda ƙasa ta yi tudu sun gina wani akwati na dutse a cikin gotar, ƙofa gaba ƙofa baya. A tura jirgi ciki, a rufe, mutum ya ɗauki wani lanƙwasasshen ƙarfe ya yi ta murɗawa har ruwa ya shigo ya ɗaga jirgin, sannan ya sa ɗuwawu ya tura ƙofar gaba. Ka yi tafiyar da ba ta kai daga gidana zuwa masallaci ba, ga wata. Wata rana goma sha uku muka wuce. Isufu, wanda na tsufa a bakin wuta don kada ya yi dako, shi ke turawa, cikin ruwan sama, yana dariya. Masu wasu jiragen kuma in mun haɗu Manjo suke fara gaisarwa, su tambayi shekarunsa, su sosa masa kunne. Wata mata ta yi doguwar hira da shi, sannan ta ɗago ta yi mini murmushi kamar ni ce kayan da ya zo da su.

Abin da ya fitar da ni daga jirgin ran na biyu ya faru. Na fito na tarar an sa wa jikana wata ɗamara a ƙirji da igiya, an ɗaure a ƙarfen jirgi don kada ya faɗa ruwa. Karen kuma yana yawo a kan rufi yadda ya ga dama. Kare a sake, ɗa a ɗaure. Ban yi shawara da kowa ba. Na kwance shi, na ɗora a baya, na ja zane na ɗaure majanyi, da jirgin ya matso gefe a ƙarƙashin wata gada na taka na sauka kan hanyar dokin. Jeni ta yi magana, Isufu ya ce mata wani abu, ta ƙyale ni.

A nan na gano asirin jirgin. Ni tsohuwa, da goyo, da silifas, ina tafiyata ta zuwa kasuwa, sai na ga na wuce shi. Na tsaya na gyara majanyi, ya iso, na sake wuce shi. Inji na ta ƙugi, hayaƙi na tashi, hedimasta ya riƙe sandar tuƙi a baya yana hangen nesa kamar mai shirin ƙetare teku.

Tun daga nan a ƙasa nake wuni. Tunda ba nonon da za a raba shi da shi, na ce to zan yaye shi daga roba. Na zare ta. Ya yi kuka daga wannan gada zuwa waccan, ina jijjiga shi ina cewa, "Yi da ƙarfi, maigida, mai sunanka ma ya yi mini faɗa shekara talatin ban fasa abin da na yi niyya ba." Robar ta faɗi, Manjo ya cafke, don ashe ya biyo mu. Ni kuwa ba zan karɓi abu daga bakin kare in mayar bakin jikana ba, magana ta ƙare. Jeni tana da wasu guda biyu, su ma na san inda suka shiga. Kunu nake dama masa da safe in zuba a kwalbar shayin Baba Tom mai riƙe zafi. Karen kuma ya maƙale mana, don yaron na zubar da rabin abin da aka ba shi. Na kore shi da Hausa, na kore shi da Twi, yaren Kumasi, ya kaɗa wutsiya.

Sau ɗaya aka tilasta mini komawa ciki da rana, inda gotar ta shige ƙarƙashin wani tudu, ba hanya a gefe. Duhu kamar kabari, ruwa na ɗiga a kanmu, Baba Tom yana ihu don ya ji muryarsa ta dawo. Ni ina karanta abin da na sani, sai na ji abu na rawa a jikin ƙafata. Manjo ne, mai babban suna, ya cusa kai cikin zanena. Da muka fito haske sai da na canza zane. Ran na huɗu yaron ya daina neman roba, ya fara miƙo hannu yana cewa "Kaka".

Ran na biyar wani tsohon wando da waya suka naɗe farfelar jirgin, ya tsaya cik a tsakiyar gota. Baba Tom ya kwanta rub da ciki ya zura hannu cikin ruwa har kafaɗa. Na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, yaro kuma ya fara barci, in na tsaya zai farka, sai na ci gaba. Hanya ɗaya ce, ba inda za a ɓace. Na wuce lanƙwasa biyu na iso wata ƙofar ruwa mai ɗan gida a gefe. Matar mai gadin ƙofar, tsohuwa kamata, ta fito da kujera. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta zagaya bayana ta duba ɗaurin, ta taɓa ƙullin majanyi, ta gyaɗa kai, ta nuna yatsu shida ta dafa ƙugunta. Na gane shida ta haifa, kuma a hannu ta yi ta ɗaukar su. Ta kawo shayi da burodi. Karen ta nuna masa waje, ya kwanta a bakin ƙofa. Duk Ingila ita kaɗai na gani da hankali.

Mun kai sa'a ɗaya muna hirarmu ta kurame sai ga Jeni a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, fuska ja wur. Ba ta jira na kwance ba, ta zare yaron ta sama kamar mai tuge rogo. Ya farka ya fasa kuka. Isufu ya iso yana haki, ita tana ta magana.

Na ce, "Me take cewa?"

"Ta tsorata ne, Mma. Ta ce da ba don ta san Manjo na tare da ku ba, da ta nemi 'yan sanda."

"Wato kare ne ya tsaya mini."

"Ba haka take nufi ba."

"Na haifi takwas, na goyi na mutane ban san iyaka ba, yau kare ne shaidata. To ji nan. Sa'a ɗaya ta yi wannan gudu. Ka gaya mata abin da ya kawo ni?"

Ya juya yana kallon ruwa.

"Isufu, da kai nake."

"Ban gaya mata ba."

"Tikitin na mene ne?"

"Don ki gan shi, shi ma ya san ki."

"Da gani nake so ai hoto ya isa. Ka bar ni na shafe ɗaki, na cika unguwa da magana."

"Mma, da na rubuta miki a'a, za ki zo?"

Na ɗauki majanyina na naɗe. Sai ya ce, "Takardarki wata nawa ya rage mata?"

"Ban haifi wanda zai ƙirga mini wata ba."

"Biyar ne. Ni ma ana rubuto mini. Garba mahauci a Kumasi aka haife shi kamar ke, yana ina yanzu? Rabin layinmu an loda a lori. In aka ƙi sabunta miki, ki ɗaura shi a baya ki hau lorin ki nufi ina?"

Tun da na haife shi bai taɓa tsayawa ya kalle ni ido cikin ido ba sai ran nan. Na ce wannan tsakanina da Allah ne, shi dai ya faɗa wa matarsa, yanzu, a gabana, ina kallon fuskarta, in ya rage wani abu zan sani.

Ya faɗa. Na ga lokacin da maganar ta isa, don ta ƙara matse yaron a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ta yi tambaya, ya juyo.

"Ta ce ke ma an yi miki haka?"

"An yi. Ɗan farina yana wata ashirin uwar maigidana ta zo daga Dogondutsi ta Nijar ta goya shi. Ina daka a tsakar gida suka fita, ban ɗaga kai ba, ban ajiye taɓarya ba. An daɗe ana yabon kunyata."

"Ta ce kin sake ganinsa?"

"Sau uku. Yana nan lafiya, dattijo ne, yana da rumbuna."

"Ta ce yaya yake kiran ki?"

Isufu ya san amsar, munafuki, amma ya tsaya yana jira. Hawa yake ce mini, kamar yadda mai sayen koko zai ce. Na ce a gaya mata ba ruwanta. Ita kuma ta faɗi kalma ɗaya gajera, wadda ko a kasuwar Kejetia na san ta, a'a ce, ba sai da tafinta ba.

Sai ga jirgin ya iso. Baba Tom ya ɗaga wandon da ya ciro yana nuna mana kamar ya kama kifi, ya ce a ɗora shayi.

Washegari ruwan sama ya wuni, ban sauka ba. Na zauna a kan katakona, karen a ƙofa yana kallona, ni ma ina kallonsa. Baba Tom ya ji labarin sama-sama, ya ji dai ana maganar takarda, sai ya so ya faranta mini. Ya buɗe wani gwangwani ya ciro 'yar takarda mai hatimi, ya ce ai ko Manjo sai da takarda yake zaune a Ingila, duk shekara yakan je gidan waya a sabunta masa. Na tambaya sawu nawa yake yi. Ya ce ɗaya. Na ce ana tambayar daga ina uban karen ya zo? Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce a gaya mini ina da barkwanci. Ban yi dariya ba.

Ran ƙarshe Jeni da kanta ta miƙo mini yaron da safe, amma ita ma ta sauko, tana tafe a gefena hannunta a kan ƙafarsa. Can ta nuna a koya mata goyo. Na ɗora mata, na ɗaure iya ƙarfina, ya yi ta zamewa, don ba ta da abin da zai tare shi a baya. Muka iso inda muka tashi, aka ɗaure jirgi a ƙarfen da aka kwance shi, kowa ya ce an sha hutu. Kwana bakwai muna tafiya, ba mu je ko'ina ba.

Na ƙara mako biyu a gidansu. Isufu ya ce in zauna gaba ɗaya, ga ɗaki. Na ce ban zo in mutu a inda ba mai yi mini wanka ba. A filin jirgi yaron ya kama bakin mayafina yana "Kaka, Kaka". Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na miƙa wa uwarsa. Ban waiwaya ba. Wannan dai na iya.

Da na sauka a Race Course na hau trotro, motar haya, zuwa Asawase, ba komai a bayana sai mayafi. A gida na tarar da kwaɗo a ƙofar Azumi maƙwabciyata. An karɓe rumfar ɗanta a kasuwa, sun tafi ita da jikokinta huɗu ina can ina bin gota. Tsakar gidan da ba a iya shanya gari saboda ƙafafun yara, yanzu kaji ne kawai. Na tsaya da adakata a ka ina duba wanda yaron zai yi wasa da shi da na zo da shi. Ban samu ba.

Ban ce Isufu ya yi gaskiya ba, kada wata ta rubuta masa cewa na ce. Takardata saura wata huɗu. In sun sabunta zan sake aika wasiƙa, wannan karon ita zan sa a rubuta wa, tunda ita ce mai faɗin abin da ke ranta. In ba su sabunta ba, lori zan hau zuwa Dogondutsi, in tsaya a ƙofar gidan mutumin nan mai rumbuna in yi sallama, a shiga a ce masa wata Hawa ce daga Kumasi.